Labarin Filin Wasa na Ahmadu Bello a Kaduna

Duk wanda ya tashi daga Samaru, ko Jama'a, ko Sabon Garin Zariya, ya kama hanyar kudu, in ya ci kamar mil hamsin sai ya iso Kaduna. In ya shiga gari ya tambayi inda Filin Wasa na Ahmadu Bello ya ke, ko yaro ƙarami zai nuna masa titin da a ke kira Constitution Road. Samarin ƙasar Zazzau da yawa sun san wannan hanya tun suna 'yan makaranta, gama a can ne mai gudu ya kan je ya gwada ƙafarsa da ta 'yan wasu garuruwa, a can ne kuma mai sha'awar tamaula ya kan ga da idonsa 'yan wasan da ya saba jin sunansu a rediyo. Amma kaɗan ne cikin masu shiga su ke tambayar wanda ya sa aka gina wurin, da wanda ya zana shi, da kuma abin da aka nufa da shi tun farko. Labarin kuwa ya cancanci a sani, domin a sarƙe ya ke da labarin Jihar Arewa kanta, da tashinta da rabuwarta.

Hausawa dai ba su jira zuwan Turawa ba kafin su san wasa da taron kallo. Kowane gari yana da dandali, kowane dandali kuwa yana iya zama fage. In kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, rumbuna sun cika, sai a ji kiɗa ya tashi da dare a farin wata. Manoma su fito kokawa, mahauta su naɗe hannu su yi dambe, yara su yi langa, Filani kuma in lokacinsu ya zo su yi sharo. Abin lura game da fage irin na zamanin da shi ne ba shi da bango. Jama'a su ne bangonsa. Na gaba su zauna a ƙasa, na bayansu su durƙusa, na can baya su tsaya, yara su ɗare bishiya ko katanga. In mutane sun ƙaru sai a ja da baya a buɗa da'irar, in sun ragu ta tsuke. Ba wanda ya taɓa ƙidaya 'yan kallo, ba kuwa wanda aka taɓa mayarwa gida don wai wuri ya cika. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a ransa, don zai yi amfani can gaba.

Sarakuna ma suna da nasu fagen, watau ƙofar fada. A Birnin Zariya ran hawan salla hakimai su kan zo da mahayansu su yi jahi gaban Sarki, talakawa su yi sahu hagu da dama, dogarai na mai da su baya da bulala. A nan ma bulalar dogari ita ce iyakar fage.

Da Turawa suka ci ƙasa sai suka zo da nasu wasanni. Kusan kowane babban garin lardi aka share masa filin sukuwa, inda su ke tseren dawaki da wasan ƙwallon dawaki, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓa da hannu biyu har ya zama gadon gidansa. Ita kuwa tamaula ta ƙofa biyu ta shigo Arewa, ta makaranta da ta reluwe. A shekarar 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya ta wuce Kano, aka kafa Sabon Gari kusa da tasha don akawuna da makanikai da leburorin da suka biyo dogo daga kudu. Waɗannan mutane sun zo da ƙwallonsu. Da yamma in an tashi daga aiki sai su sami fako, su kafa sanduna biyu nan, biyu can, su yi ta bugu har magariba. Yaran gari suka yi ta kallo, daga kallo suka shiga. Ba a daɗe ba abin ya kai inda ba a zata ba. An fara gasar Kofin Gwamna a Ikko a 1945, shekara takwas kofin bai bar Ikko ba, sai a 1953 'yan wasan Kano suka ci shi suka kawo Arewa. Su ne na farko da suka fitar da shi daga bakin teku.

Akwai kuma wani wasa da ya kamata a ambata, ko da ya ke ba ya tara jama'a. Shi ne wanda a ke kira fayis, inda a ke bugun ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Malaman Kwalejin Katsina ne suka kawo shi cikin shekarun 1920, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka ƙware a kansa kuwa shi ne Ahmadu Raba, wanda daga baya duniya ta sani da sunan Alhaji Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Bai bar wannan wasa ba ko bayan da ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Kwalejin ta tashi daga Katsina ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan ta zo Zariya a 1949, ita ce yau a ke kira Barewa. Saboda haka manyan da suka riƙe mulkin Arewa a lokacin samun 'yanci ba baƙin filin wasa ba ne. An tarbiyyantar da su a kan cewa motsa jiki wani ɓangare ne na ilmi, kuma wanda ya koyi shan kaye a fili ba tare da faɗa ba ya koyi wani abu na zaman duniya.

To, ita Kaduna ba tsohon gari ba ce. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin a cikin ƙasar Zazzau, a bakin kogin nan mai kadduna, aka taso da hedkwata daga Zungeru a 1917. Ba ta da ganuwa, ba ta da fada, ba ta da dandalin da aka gada. In babban taro ya taso sai a nufi filin sukuwa. A can aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a watan Fabrairu na 1956, aka tara dubban dawaki daga kowane lardi. Haka kuma aka sake yin babban hawa a 1959, shekarar da Jihar Arewa ta sami mulkin kanta. Filin sukuwa ya dace da doki ƙwarai, amma bai dace da mai gudu da ƙafa ba, balle mai ninkaya.

Abin da ya ƙara zaburar da Arewa daga yamma ya taso. A wancan zamani jihohin Nijeriya uku tsere su ke yi da juna a kan kowane abu, in ɗaya ta yi, sauran ba su barci sai sun yi nasu. Jihar Yamma ta buɗe gidan talabijin a Badun a 1959, Arewa ta buɗe nata a Kaduna a 1962. Jihar Gabas ta kafa jami'a a Nsukka a 1960, Arewa ta buɗe tata a Samaru ran 4 ga Oktoba 1962. A shekarar 'yancin kai kuma, watau 1960, Jihar Yamma ta buɗe babban filin wasa na Liberty a Badun, irin wanda ba a taɓa gani ba a ƙasar. Ran 10 ga Agusta 1963 aka yi damben duniya a cikinsa, Dick Tiger ɗan Nijeriya ya kare kambinsa a hannun Gene Fullmer na Amurka, labari ya bazu ko'ina. Jihar da ta fi kowace faɗin ƙasa da yawan jama'a ba ta da wurin da za ta sauki irin wannan taro. Wanda ya san halin Sardauna ya san ba zai zauna da wannan ba. Wasu su kan ce wannan tsere na jihohi ɓarnar kuɗi ce da son a sani. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma in aka duba da kyau za a ga yawancin abubuwan da Arewa ta daɗe tana mora a wannan tsere aka same su.

Aikin zanen ya faɗa hannun wasu Turawan Ingila biyu, miji da mata, Maxwell Fry da Jane Drew. Abin mamaki ne a wurin mutane da yawa su ji cewa akwai hannun mace a zanen filin da maza ke cika, amma haka abin ya ke, a jerin ayyukan Jane Drew an rubuta filin Kaduna da wurin ninkayarsa a ƙarƙashin shekarar 1965. Su biyun ba baƙin Afirka ta Yamma ba ne. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo Fry wannan yanki yana soja, daga baya shi da matarsa suka zama masu ba gwamnatocin mulkin mallaka shawara kan tsarin garuruwa. Sun gina makarantu da kwalejoji a ƙasar da a ke kira Gana yanzu, su ne kuma suka zana Kwalejin Jami'a ta Badun. Daga 1951 suka yi shekara uku a ƙasar Hindu suna aikin sabon birnin Chandigarh tare da mashahurin mai zanen nan Le Corbusier. Sun rubuta littattafai kan yadda ya kamata a yi gini a ƙasashen zafi, na 1956 ya yi magana kan ƙasashe masu laima, na 1964 ya haɗa da busassun ƙasashe.

Ginshiƙin koyarwarsu abu ne mai sauƙin faɗa. Sun ce kada mai gini ya ɗauko gidan da aka yi don sanyin Ingila ya dasa shi a inda rana ke tsakiyar ka. Ya fara duba ta inda rana ke fitowa da inda ta ke faɗuwa, da ta inda iska ke kaɗawa, da ta inda ruwa ke bugowa, sa'an nan ya ja layi. Ya yi inuwa kafin ya yi ado. Ya huda bango don iska ta ratsa, ya miƙa rufi gaba don ya kare taga. Wannan ba sabon karatu ba ne a ƙasar Zazzau. Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, da tubali da azara ya yi bakan gizon da ya ɗauki rufi mai faɗi, ya yi bango mai kauri wanda ke hana zafin rana shiga da tsaka, ya kuma riƙe ɗumi da dare lokacin hunturu. Bambancinsu shi ne kayan aiki. Shi ƙasa ya samu, su kuwa siminti da tsakuwa da rodi, waɗanda in an haɗa su aka zuba su kan ɗauki nauyin da azara ba ta iyawa.

Amma filin wasa ba gida ba ne, yana da nasa ƙa'idodi, waɗanda asalinsu ke da nisa. Kalmar da Turawa ke kiran irin wannan wuri da ita daga Yunanawa ta fito, a wurinsu kuwa sunan wani awo ne na tsawo, kamar ƙafa 600, watau iyakar tseren da su ke yi a Olimpiya. 'Yan kallonsu a kan gangaren ƙasa su ke tsayawa. Rumawa ne suka mai da gangaren ya zama gini. Babban filinsu na birnin Rum, wanda aka gama wajen shekara ta 80 Miladiyya, yana ɗaukar mutum kamar 50,000, an kuwa yi masa ƙofofi 80 a kewaye. Masu ginin sun gane tun a wancan lokaci cewa shigar da taro ba shi ne aiki ba, fitar da shi lafiya shi ne aiki.

Filin Kaduna a kan wannan tsohon tsari aka yi shi, mai kama da ƙwai. A tsakiya filin tamaula mai ciyawa. Kewaye da shi hanyar tsere, wadda zagayenta ɗaya a awon yanzu mita 400 ne, a awon da kuwa yadi 440, watau rubu'in mil, in mutum ya zaga sau huɗu ya yi mil guda. Tsakanin bayan raga da lanƙwasar hanyar tsere akwai sarari, nan a ke yin tsalle-tsalle da jefe-jefe. Daga nan sai mazaunin 'yan kallo ya tashi hawa-hawa kamar matakala, kowane sahu ya ɗara na gabansa tsayi, don idon na baya ya wuce ta kan na gaba. Wannan shi ne tsarin nan na dandali, na gaba a zaune na baya a tsaye, sai dai an zuba shi da kankare ya daskare. Aka yi wa babban ɓangare rumfa, inda manyan baƙi da masu ba da labari ke zama, sauran aka bar su a buɗe.

Akwai hikima a yadda a ke shimfiɗa irin wannan fili wadda mai kallo ba ya lura da ita. Ƙa'idar masu zane ita ce raga ɗaya ta kasance wajen arewa ɗaya wajen kudu, domin da la'asar a ke wasa, in kuwa aka sa raga tana fuskantar yamma mai tsaron gida zai yi ta fama da rana a ido, abokin hamayyarsa yana hutawa. Ita ma ciyawa tana da nata sharaɗi. Daminar Kaduna mai ƙarfi ce, ta kan kai wata shida, saboda haka dole tsakiyar fili ya ɗan tasa kaɗan, a kuma yi magudanai a ƙarƙashi, in ba haka ba ruwan sa'a guda ya mai da wurin fadama. In rani ya shigo kuma sai abin ya juye, hunturu ya busar da kome, sai an yi ta ban ruwa kamar lambu. Filin da aka bari wata uku ba kulawa ya kan koma fako, wannan kuwa ya sha faruwa ga filayen ƙasar nan.

Niyyar masu shi ba ta tsaya ga tamaula ba. An so wuri ɗaya ya ɗauki kowane irin wasa, shi ya sa aka haɗa masa wurin ninkaya, aka kuma sami zaurukan wasa na cikin ɗaki a harabarsa, inda a ke dambe da kokawa da ƙwallon kwando da sauran wasannin da ba su son iska ko ruwa. Wannan dabara tana da riba, tana kuma da hasara. Ribarta ita ce gari ɗaya da kuɗi ɗaya ya sami abin da da sai an gina wurare huɗu ko biyar. Hasarar kuwa mai kallon tamaula ne ke ɗaukarta, gama hanyar tsere ta tura shi nesa da fili, wanda ke zaune bayan raga sai ya ƙura ido kafin ya gane wanda ya buga. Saboda wannan ne ƙasashen Turai da yawa suka koma gina filin tamaula daban, na guje-guje daban. Amma ga jihar da ke da makarantu da asibitoci da hanyoyi a gabanta ba a yi ba, zaɓin da aka yi shi ne na mai hankali.

Wanda aka sa wa filin sunansa bai daɗe yana ganinsa ba. Ran 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna. Ran 27 ga Mayu 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, shida daga cikinsu a Arewa. Filin da aka gina don jiha guda mai larduna 13 ya wayi gari uwarsa ta rasu, 'ya'ya shida sun gaje shi tare da sauran kayan haɗin gwiwa. Daga baya ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, ya daɗe a can tare da filayen Ikko da Badun da Inugu da Bauci. Wannan ya ba shi girma, ya kuma jawo masa wahala, don mai shi yana nesa, masu amfani da shi kullum kuwa ba su da ikon taɓa ko ƙusa.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 gwamnati ta nemi abin da zai sake haɗa samarin ƙasar wuri guda. Shi Gowon a Wusasa ya tashi, a Barewa ya yi karatu, ya san abin da fili ke iya yi. A 1973 aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Ikko, aka sake yi a can a 1975. Karo na uku, a 1977, aka kawo shi Kaduna, shi ne farkon fitarsa daga Ikko. A nan ne aka ga amfanin tsarin nan na wuri ɗaya wasa da yawa, masu gudu da masu ninkaya da 'yan dambe daga kowace jiha suka sami inda za su kara, waɗanda 'yan shekaru kaɗan baya iyayensu da yayyensu ke harbin juna. Bikin ya sake dawowa Kaduna a 2009.

Duniya kuma ta zo da kanta. A 1998 Kaduna da Abekuta suka sauki gasar tamaula ta matan Afirka, Nijeriya ta ci kofin. A watan Afrilu na 1999 aka yi gasar duniya ta samari 'yan ƙasa da shekara 20, wadda da ma a 1995 aka shirya yi a Nijeriya aka ɗauke ta aka kai Katar. Garuruwa takwas aka zaɓa, a Arewa akwai Kano da Bauci da Kaduna. A filin Ahmadu Bello ne samarin Sifen suka fitar da Gana da bugun daga kai sai mai tsaron gida, a nan kuma suka ci Mali 3 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, kafin su tafi Ikko su ci Japan 4 da nema su ɗauki kofi. A cikin waɗannan yara akwai Xavi da Iker Casillas, waɗanda bayan shekara 11 suka ɗauki babban kofin duniya a Afirka ta Kudu. Mutanen Kaduna da Zariya da suka je kallo sun gan su tun gemu bai fito ba. A 2009 aka sake sa filin cikin waɗanda suka sauki gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17.

Kowace irin wannan gasa da sharuɗɗanta ta ke zuwa, mafi nauyinsu kuwa shi ne na kujeru. Dalilinsa jini ne. A watan Afrilu na 1989 aka yi turmutsutsu a filin Hillsborough na garin Sheffield a Ingila, mutum 97 suka rasa rayukansu a sanadinsa, ba wuta ba rushewar gini, matsi kawai. Bayan wannan aka tsananta cewa a manyan wasanni kowane ɗan kallo ya sami kujerarsa mai lamba, tikiti kuma kada ya wuce yawan kujeru. Afirka ma ta ga nata, ran 9 ga Mayu 2001 fiye da mutum 120 suka mutu a filin Akara, garin da Hausawa ke kira Ankara, sa'ad da jama'a suka ruga ƙofofi suka tarar ba hanya. To, dakalin kankare ya kan ɗauki mutane gwargwadon yadda suka matsu, kujera kuwa mutum ɗaya ta sani. Shi ya sa in an kafa kujeru adadin fili ya kan ragu. A 1999 ana lissafa filin Kaduna a kan mutum 30,000, a shekarun da suka biyo bayan gasar 2009 kuwa lissafin ya tsaya wajen 16,000.

Ran Juma'a 25 ga Maris 2016 aka gwada wannan adadi. Nijeriya za ta kara da Masar a neman shiga gasar Kofin Afirka ta 2017, wasa ne kuwa wanda in an faɗi hanya ta kusa toshewa. Don a ƙarfafa wa 'yan wasa gwiwa sai aka ba da sanarwa cewa shiga kyauta ce, aka buɗe ƙofofi. Niyya ce ta alheri, irin ta mai gari da ya kira kiɗa a dandali, kowa ya zo. Jama'a kuwa suka amsa. An ƙiyasta waɗanda suka shiga sun kai 40,000, watau kowace kujera biyu mutum biyar ke nemanta.

Da wuri ya cika, da'ira ba ta da inda za ta buɗa, gama bango ya tsare ta. Sai ta yi sama. Matakalu suka toshe, hanyoyin fita suka cika da mutane a tsaye. Samari suka hau allon da ke nuna ci, wasu suka hau kan rufi, wasu kuma suka bi ƙarafan turakun fitilu suka ɗare can ƙoli, suka zauna ƙafafu na reto, kamar yadda kakanninsu ke hawa bishiya a bakin fage. Waɗanda suka rasa wuri suka gangaro har bakin hanyar tsere. Masu ɗaukar hoto suka ɗauka, kafin a tashi wasa hotunan sun zaga duniya. Masu zanen sun auna rana da iska da ruwa, sun auna nauyin da kowane ginshiƙi zai ɗauka, amma turken fitila don fitila aka yi shi. Da wani abu ya firgita taron a wannan yammaci, ko faɗa, ko barkonon tsohuwa, ko faɗowar mutum ɗaya daga sama, da labarin da za a rubuta daban ne. Allah ya kiyaye, aka tashi ba a yi irin ta Ankara ba.

A cikin fili Oghenekaro Etebo ya ci wa Nijeriya bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, wuri ya ɗauki sowa. Ana dab da tashi Muhammad Salah ya rama wa Masar, aka tashi 1 da 1. Bayan kwana huɗu aka sake haɗuwa a Iskandariya, Masar ta ci 1 da nema, Nijeriya ba ta je gasar da aka yi a Gabon ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka kuma ta duba abin da ya faru a Kaduna, ta ci hukumar ƙwallon Nijeriya tarar dala 5,000 saboda cunkoso.